Ƙaramar mota, jaririya 'yar wata tara: in juya kujerarta ta kalli gaba?

Assalamu alaikum, Anti. Ni matar aure ce a Agege, ina da 'ya ɗaya 'yar wata tara, kuma ita ce ta fari. Motar maigidana ƙarama ce, tokumbo mai ƙofa biyu, ni ma nakan tuƙa ta. Tun kafin suna na sayi kujerar jarirai ta mota a gwanjo, irin wadda ake iya ɗaurawa ta kalli baya ko ta kalli gaba, na ɗaura ta tana kallon baya. To amma sai an tura kujerar gaba sosai kafin ta samu wuri, maigida kuwa dogo ne, idan ni nake tuƙi gwiwoyinsa tokare suke da gaban mota. Sa yarinyar da fitar da ita sai na sunkuya na cusa rabin jikina, har bayana ya fara ciwo. Yanzu ƙafafunta sun fara taɓa jinginar kujerar baya, tana kuma yawan kuka a gosulo. Wanda ya sayar mini ya ce da zarar ta kai kilo 9 a juya ta, ga shi ta kai. Maigida ya ce mu juya kowa ya huta, ai a Legas ta baya ake bugun mutum. Hajiya mahaifiyarsa, wadda ta zo mana daga gida, ta ce wannan azabtar da yarinya ne, a ba ta ta riƙe ta a cinya, Allah ne mai tsarewa. Ni hankalina bai kwanta ba, amma ina jin nauyin yin musu a kan 'yar fari a gaban surukata. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raya mana wannan yarinya, ya kuma saka miki da alheri da kika tanadar mata kujera tun kafin suna, a garin da jarirai da yawa a cinya suke tafiya. Zan fara da amsar da kike jira domin hankalinki ya kwanta kafin ki karanta sauran bayanin: kada ki juya kujerar nan yanzu. 'Yar wata tara ba ta kai lokacin kallon gaba ba, ko da motarku ta fi haka ƙanƙanta. Ƙorafin maigida da na Hajiya da ciwon bayanki duk gaskiya ne, ba zan raina ko ɗaya ba, sai dai yawancinsu daga ƙarancin wuri suka taso, kuma wannan ana iya shawo kansa da dabara, alhali ƙwarin wuyan 'yarki lokaci ne kaɗai yake kawo shi.

Dalilin yana jikin jaririn kansa. Kan sabon haihuwa kusan kashi ɗaya ne cikin huɗu na tsawon jikinsa, ga shi da nauyi, ƙasusuwan wuyan da yake ɗauke da shi kuwa ba su gama haɗewa ba, da sauran guringuntsi a cikinsu, kuma sai an yi shekaru kafin su ƙosa. Idan mota ta yi karo ta gaba ta tsaya cak, duk abin da yake cikinta yakan ci gaba da tafiya da gudun da take yi kafin karon. Yaron da yake kallon gaba, maɗaurai za su riƙe ƙirjinsa da kafaɗunsa, amma babu abin da zai riƙe kansa, sai kan ya fizgu gaba da ƙarfi, wuya ya miƙe, lakar da take cikin ƙashin wuya kuwa ba ta jure miƙewa irin wadda ƙashin da jijiyoyin suke jurewa. Daga nan ne ake samun shanyewar jiki ko rasa rai. Yaron da yake kallon baya kuwa, ƙarfin karon yakan danna shi ne cikin jikin kujerar, ƙeya da wuya da gadon baya su tafi tare a lokaci ɗaya, nauyin ya bazu a faɗin bayansa. Hajiya ta fi ni da ke sanin wannan hikima, domin idan za ta goya jinjiri sai ta ja zani har ƙeyarsa don kada kai ya yi lilo. Aikin zanin goyon ne kujerar take yi, amma fa sai idan tana kallon baya.

Wani farfesa ɗan ƙasar Suwidin mai suna Bertil Aldman ne ya fito da wannan tsari a shekarun 1960, bayan ya lura da yadda 'yan sama jannati suke kwanciya da bayansu domin jure ƙarfin tashin kumbo, kuma har yau a ƙasar tasu yara sukan kai wajen shekara huɗu suna kallon baya a mota. Maganar kilo 9 da mai gwanjo ya faɗa miki ba ƙirƙirarta ya yi ba. Ta samo asali ne daga tsohuwar ƙa'idar kujerun yara mai lamba R44 da aka daɗe ana aiki da ita a Turai, wadda ta halatta juya yaro daga wannan nauyi. Sai dai wannan shi ne mafi ƙarancin abin da aka yarda da shi a lokacin, ba shi ne abin da ya fi dacewa ba, shi ya sa sabuwar ƙa'idar da ta fara aiki a 2013, mai lamba R129, ta hana juya yaro kafin ya cika wata 15 komai nauyinsa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a 2011 cewa a bar yaro yana kallon baya har shekara biyu, sannan a 2018 ta sake gyara maganar, ta ce a bar shi har sai ya kai iyakar nauyi ko tsawon da kamfanin kujerar ya rubuta. Kin ga ta kowace fuska aka auna, 'yarki tana da sauran tafiya.

Hujjar maigida ta cancanci amsa ta gaskiya, domin duk mai tuƙi a titin Ikorodu ko Oshodi ya san yadda danfo, wato bas ɗin haya na Legas, yake manne wa mutum a baya. Bugun baya yana da yawa, amma galibi a cunkoso yake faruwa, inda motocin biyu suke fuskantar hanya ɗaya kuma bambancin gudunsu kaɗan ne, shi ya sa ya fi ƙarewa a fasa fitila da lotsa ƙarfe. Karon da ya fi kashe mutane shi ne na gaba da na gefe, irin wanda ake yi idan hanya ta buɗe a gadar Third Mainland ko a babban titin Legas zuwa Ibadan, mutum ya taka mota sannan ya tarar da tirela a tsaye. Saboda irin wannan ranar aka ƙera kujerar. Batun ƙafafu kuma kada ya dame ku. Gaɓoɓin yara suna da laushi, sukan tanƙwashe ƙafa ko su ɗora ta a jingina ba tare da sun ji ciwo ba, kuma taɓa jingina ba ya cikin alamomin da suke nuna yaro ya fi ƙarfin kujerarsa.

Riƙewa a cinya kuwa shi ne abin da nake roƙonki kada ki amince da shi ko da tafiyar daga gida zuwa kasuwar Agege ce. Karo a gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, kuma a wannan ƙiftawar ido nauyin yarinya yakan ninka wajen sau 30, wato mai kilo 9 ta koma kamar kilo 270 tana fizgewa daga hannu. Babu hannun da zai riƙe wannan, komai ƙaunar mai hannun, kuma idan babban bai ɗaura bel ba, jikinsa ne zai danne ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce amfani da kujerar yara yana rage mutuwar jarirai a haɗarin mota da kashi 71 cikin ɗari.

Yanzu mu koma ga motar. Aikin farko shi ne ki fito da kujerar waje ki karanta takardun da aka manna a jikinta, ki nemo sunan kamfani da samfurinta da ranar da aka ƙera ta da iyakar nauyi da tsawon da aka yarda yaro ya kalli baya a cikinta. Da wannan suna za ki samu littafin bayaninta a intanet, tunda kayan gwanjo ba kasafai suke zuwa da littafi ba. Kujerun nan suna da wa'adi, yawanci shekara 6 zuwa 10 daga ranar ƙira, domin roba tana gajiya, balle a zafin rana irin namu. Idan wa'adinta ya wuce, ko kika ga tsagewa a robar, ko maɗaurin ya zaizaye, ko maƙullinsa ba ya kamawa da kyau, ko babu takardar gaba ɗaya, to maganar sauya kujera ta riga maganar juya ta. Ki sani kuma kujerar da ta taɓa shiga mummunan haɗari ba a sake amfani da ita ko da ido bai ga lahani ba, kuma wannan shi ne babban raunin sayen wadda ba a san tarihinta ba.

Idan ta tsallake wannan bincike, ina kyautata zaton za ki samu wuri ta hanyar gyara kwanciyarta. Sabon haihuwa yana buƙatar a kwantar da kujerar sosai, wajen digiri 45, domin kada kansa ya rinjayo gaba haɓa ta toshe masa numfashi, kuma a wannan kwanciyar ce kujera take cin wuri mafi yawa. Tunda tun kafin suna kika ɗaura ta, mai yiwuwa har yau a haka take. 'Yar wata tara da take riƙe kanta tana zama da kanta, kujeru da yawa sun yarda a ɗago mata ita ta ɗan miƙe, kuma akwai layi ko ma'auni a gefen kujerar da yake nuna iyakar abin da aka halatta. Kada ki wuce wannan iyaka, amma ɗan ɗagowar da ke cikinta takan mayar wa kujerar gaba santimita da dama. Shi ma wanda yake zaune a gaba, idan ya miƙar da jinginar kujerarsa maimakon kwantar da ita, yakan samu damar ja da baya kaɗan. Ki duba littafin motar da na kujerar ki ga ko an yarda kujerun biyu su taɓa juna, domin wasu motocin sun hana saboda na'urar da take auna nauyin mai zama a gaba.

Sauran maganin yana ga tsarin zama, kuma ƙa'idarsa mai sauƙi ce: wanda ya fi gajarta shi ne yake zama a gaban kujerar yarinya. Idan maigida ne yake tuƙi, kujerar ta kasance a bayan fasinja, ke ki zauna a gabanta ko ki koma baya kusa da 'yarki. Idan ke kike tuƙi yana gefenki, ana iya mayar da kujerar bayanki, shi ya ja tasa baya yadda yake so, da sharaɗin ya zama akwai aƙalla santimita 25 tsakanin ƙirjinki da sitiyari kuma ƙafarki tana kaiwa birki ba tare da takura ba. Illar bayan direba ita ce ƙofar tana buɗewa ta ɓangaren titi, don haka sai kin samu wurin ajiye mota da babu ababen hawa suna giftawa kafin ki fito da ita. Ni na fi son ku zaɓi tsari ɗaya ku zauna a kansa, domin yawan cirewa da mayarwa shi yake kawo sakaci wajen ɗauri.

Ciwon bayanki daga sunkuyo da murɗa jiki yake zuwa alhali kina ɗauke da nauyi a nesa da ƙirjinki. Ki gwada shiga ta ɗaya ƙofar: ki kwantar da kujerar gaba ta wancan gefen ki tura ta ƙarshe, ki shiga baya da yarinyar a manne da jikinki, ki zauna sosai a kusa da kujerarta, sannan ki ɗora ta ki ɗaure kina zaune. Zai ƙara miki minti ɗaya ko biyu, amma bayanki zai huta, kuma za ki fi ganin abin da kike ɗaurewa. Ranar da kuke tare, wannan aiki ne da ya kamata maigida ya riƙa karɓa, ko ya miƙo miki ita bayan kin zauna. Idan ciwon ya ƙi sauƙi ko yana sauka ƙafa, ki faɗa wa likita, kada ki ɗauke shi a matsayin abin da kowace mai shayarwa take fama da shi.

Duk lokacin da kika sake ɗaura kujerar, ki kama ta daidai inda bel ya ratsa ki girgiza, kada ta motsa fiye da santimita biyu da rabi. Idan motar daga Amurka ta zo, waɗanda aka ƙera daga 1996 bel ɗinsu yana kullewa, yawanci idan aka jawo shi har ƙarshe aka sake shi a hankali, waɗanda aka ƙera daga ƙarshen 2002 kuma suna da ƙananan ƙarafa a lungun kujerar baya da ake maƙala kujerar yara a jikinsu. Ki yi amfani da ɗaya daga cikin hanyoyin biyu, ba duka ba, sai idan littafin ya yarda. Maɗauran kafaɗa su fito daga daidai kafaɗarta ko ƙasa kaɗan, a ja su har sai kin kasa tsunkular maɗaurin da yatsu biyu a kan kafaɗa, idan kuma akwai maƙalin ƙirji ya tsaya daidai hamata. Lokacin damina kada ki naɗe ta da shawul kafin ki ɗaure, ki fara ɗaurewa sannan ki lulluɓa mata a sama.

Na san a mota irin taku wani zai ce a dawo da kujerar gaba kusa da direba a huta da shiga baya. Kada ki yi. Jakar iskar da take gaban fasinja, wadda take kumburowa idan an yi karo, tana fashewa da gudun da ya kan kai kilomita 300 a awa, kuma daidai bayan kan jaririn za ta daka idan kujerar tana kallon baya. Wasu motocin Turai suna da makunnin kashe ta, amma a tokumbo ba ki da tabbacin abin da aka taɓa a wayoyinta, kuma ba aikin da za a ba bakanike ya yi da dabara ba ne. Ita ma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa abin da take faɗa shi ne yara 'yan ƙasa da shekara 12 su zauna a baya.

Kukan da take yi a gosulo ya fi kama da na zafi da kaɗaici. Bayan mota mai ƙofa biyu ba ya samun iska sosai, gilasan baya a yawancinsu ba sa sauka, jikin kujerar kuma yana tare sanyin da yake zuwa daga gaba. Ki karkatar da bakin na'urar sanyayawa ya kalli rufi domin iskar ta sauka a baya, ki sa mata kaya marasa nauyi, ki rufe kujerar da farin zani idan motar za ta daɗe a rana, ki kuma taɓa ƙarfen maƙulli da hannunki kafin ya taɓa fatarta. Ki shayar da ita kafin ku tashi, musamman idan za ku hau gada inda babu wurin tsayawa, kuma idan dole ta sha a hanya, a samu wuri a tsaya tukuna, kada a cire ta mota tana tafiya ko da a hankali ne. A doguwar tafiya, kamar zuwa gida da Sallah, ku riƙa tsayawa bayan kowace awa biyu a fito da ita ta miƙe. Kada kuma a bar ta ita kaɗai a mota ko na minti ɗaya.

Na fahimci nauyin da kike ji, kuma kunyar 'yar fari tarbiyya ce da ban ce ki zubar ba. Amma kunya tana hana ki kiran sunanta ko yi mata wasa a gaban manya ne, ba ta kai ga ki yi shiru a kan abin da ya shafi ranta ba. Hanyar da ta fi ita ce kada maganar ta zama tsakaninki da Hajiya ko kaɗan. Ki samu maigida ku biyu a lokacin da yake cikin natsuwa, ki fara da amincewa cewa ya takura kuma kina son a gyara, ki nemi ya taya ki ɗago kujerar da gwada tsarin zama, sannan ku kalli bidiyon gwajin karo tare, inda ake nuna mutum-mutumin jariri yana kallon gaba da wanda yake kallon baya. Irin wannan bidiyo yana da yawa a YouTube, kuma abin da ido ya gani ya fi shiga zuciyar uba fiye da dogon bayani. Idan ya gamsu, shi zai yi wa mahaifiyarsa magana, domin abin da za ta karɓa daga ɗanta da sauƙi zai iya yi mata zafi idan daga bakinki ya fito.

Ita Hajiya tausayi ne ya sa ta magana. Ta ga jikarta ɗaure tana kallon jingina tana kuka, kuma ta reni 'ya'yanta ba tare da wannan kujera ba, Allah ya raya mata su, saboda haka kada a sa ta ji kamar ana cewa renonta ne bai yi ba. Maganarta cewa Allah ne mai tsarewa gaskiya ce, kuma ta san Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Idan gwiwoyinta za su bari ta shiga baya, a roƙe ta ta zauna kusa da jikarta, domin yarinyar da take kallon baya fuskar na kusa da ita take gani, za ta sami mai rarrashi, Hajiya kuma ta ga da idonta cewa ba a takure take ba. Idan shiga baya zai yi mata wuya, ta zauna a gaba ke ki koma baya. Ranar da za ku fita ku duka da kaya, kamar biki ko ziyarar 'yan'uwa a Idi-Araba, ku kira motar haya mai ƙofa huɗu ku ɗaura kujerar a ciki, ko wasu su bi ta haya wasu su bi ta gida.

Ban ce ki matsa wa maigida ya sauya mota ba, domin na san halin da ake ciki, amma idan Allah ya hore ko aka samu ƙaruwa, mai ƙofa huɗu ita ce za ta raba ku da wannan wahala, kuma magana ce da za ku fara tun yanzu a tsanake. Kafin nan, abin da zai nuna miki lokacin canji shi ne takardar jikin kujerar: idan nauyinta ya kai iyakar da aka rubuta, ko tsawonta ya kai, ko tazarar da ke tsakanin tsakiyar kanta da ƙarshen kujerar ta sama ta gaza santimita biyu da rabi. Idan hakan ta faru kafin ta cika shekara biyu, ki nemi wata kujerar da take ɗaukar yaro yana kallon baya har kilo 18 ko tsawon santimita 105, akwai kuma waɗanda aka ƙera su a tsuke domin ƙananan motoci. Ki je wurin mai sayarwa da motar da maigida da yarinyar, a ɗaura kujerar a gabanku, shi ya zauna a gaba ya ji ko gwiwoyinsa sun sami wuri, sannan ki biya kuɗi.